Idon Hagu Ya Mai da Mu Dogon Dutsi

Talata: Dumega zuwa Tibiri

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba muka ja ƙyauren gidanmu a Dumega, ni da matata Kulu da jaki ɗaya. Watan bakwai ne na manoma, shekara ta uku da samun mulkin kai. Minti ashirin ɗin nan ba ƙari na yi ba, agogon da na fito da shi daga soja yana ɗaure a hannuna, kuma ba na ɗaga ƙafa sai na dube shi. Sunana Nomau, amma tun da na dawo ba mai kirana da shi. Kaporal ake ce mini, har limamin garinmu.

Abin da ya tashe mu, idon Kulu ne na hagu. Ciwon nan ne da ya yi wa matan ƙasarmu yawa, wanda fatar ido ke lanƙwashewa ciki, gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar duk ƙiftawa ɗaya. Shekara tara tana fama. Kamar sauran mata tana da ɗan hantsaki rataye a wuya, in gashin ya tsiro sai wata ta cire mata, ta samu sauƙin 'yan kwanaki, ya sake fitowa ya fi na da kaifi. Bara wanta ya kai ta gidan likita na Dogon Dutsi, lokacin ina Doso wajen takardun fansho, majo, wato babban ma'aikacin jiyyar da ke riƙe da wurin, ya gyara mata na dama. Ya ce ta kawo na hagu kafin shekara ta zagayo, don fari-fari ya soma sauka a ƙwayar, in aka bar shi zai rufe ta.

Ni Doso na so mu tafi. Can akwai babban lokotoro, wato likita, kuma takardata ta tsohon soja tana buɗe ƙofa. Kwana uku ina kawo hujja. Kulu ba ta yi mini gardama ba, ita ba ta gardama, sai dai ta ce, "Malam, in ba Dutsi ba, a bar ni da hantsakina." Na tambaye ta abin da Dutsi ta fi Doso da shi, ta ce in mun je na gani. Shekara ashirin da shida da aure, na san inda maganarta take tsayawa, sai na haƙura.

Na yi lissafi irin namu na soja: kwana biyu zuwa, bakwai jiyya, biyu dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Goma sha biyu ke nan. Watan bakwai maƙarar rani ne, ko ba ruwa da alama, amma na ce ma dawo kafin ruwan shuka. Na hau rumbun iri na liƙe bakinsa da laka. Ɗanmu namiji ɗaya ne, yana Kumasi ci-rani bai dawo ba, kuma a wurinmu ba a buɗe rumbun mutum bayan idonsa, ko da ɗan'uwansa ne ciki ɗaya.

Daga Dumega zuwa Tibiri kilomita ashirin ne da 'yan kai a ma'aunin ƙafata, duk rairayi. Mun yi sallar asuba a gindin wani gawo. Ƙarfe takwas muka ratse rugar Fulani, na sayi nono na dala ɗaya, Kulu ta dama furar da muka yo guzuri. Da rana ta ɗaga sai ta ja mayafi ta rufe fuska duka, jakin kawai ke ganin hanya. Kwana ashirin ke nan ba ta bari an cire mata gashi ko ɗaya ba, wai haka majo ya ce, don haka kowane taku na jakin nan a idonta yake sauka. Ba ta yi ƙorafi ba. Mun shiga Tibiri ƙarfe goma sha ɗaya da minti talatin da biyar.

Tibiri

Gidan Dije muka sauka, ɗiyar kawuna, taubashiyata, mace mai baki kamar reza. Tun daga zaure ta fara.

"Marhabin da Kaporal da rundunarshi. Jaki guda da mace guda, to, wane gari za a ci yau?"

"Naku," na ce. "A fito da tuwo kafin in ba da oda."

Ta fito da shi kuwa, tuwon hatsi da miyar kuka har da man shanu. Bayan la'asar ta zauna kusa da Kulu, ta ɗaga mayafin, sai wasa ya ƙare. Idon ya yi ja wur, ya kumbura, ko buɗe shi ba ta iya yi sosai.

"Subhanallahi, Kulu, haka kika zamna? Miƙo hantsakin nan."

"Majo ya ce kar a taɓa," in ji Kulu.

A nan ne na yi kuskuren da ya ci mana kwana goma, kuma ba zan ɗora wa Dije ba, nawa ne. Shekara goma sha biyar na yi cikin soja. A can, ranar da lokotoro zai duba mu, tun jajibere ake aski, a yanke farce, a wanke har bayan kunne. Wanda ya zo da ƙazanta, kafin magani horo zai fara sha. Sai na gyara zama na ce ni na san majo-majo, na ga irinsu sun fi ɗari, ba a zuwa gabansu da ido a hargitse. Na ce wataƙila ba ta ji shi daidai ba ne. Dije ta kama mini, ta ce ai ko gidan suna mace ba ta shiga haka, balle birni. Kulu ta dube ni da ido ɗaya. Ga zafi, ga maigida, ga uwar masauki, ina za ta sa kanta? Ta ciro hantsakin ta miƙa.

Dije gwana ce. Gashi goma sha ɗaya ta cire, ina ƙirgawa, ta wanke idon da ruwan ɗumi. Kafin magariba Kulu tana hira tana dariya, ni kuma ina jin kaina kamar wanda ya ci yaƙi.

Laraba: Tibiri zuwa Kore Mai Ruwa zuwa Dogon Dutsi

Mun bar jaki a hannun mijin Dije. Ƙarfe biyar daidai muka bi ayarin masu gishirin Foga da ke hawa arewa. Madugunsu, wani dattijo mai kunyar magana, ya ba Kulu takarkari ɗaya da kayansa ba su da nauyi, dala takwas har Kore Mai Ruwa. Ni na taka da ƙafa. Kilomita ashirin da biyar ne, mun ci su cikin awa shida da rabi, don shanun kaya ba su san sauri ba.

A Kore Mai Ruwa hanyar mota ta ratsa, mai jan tsakuwa, wadda ta fito daga Doso. Mun zauna ƙarƙashin rumfar wata mai ƙosai, muka ci na dala biyu da yaji. Ƙarfe biyu da kwata wani kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya, ya ɗauko buhunan siminti. Direban Bazabarme ne, Hausarsa a tsaye.

"Ina zuwa, tsoho?"

"Dutsi. Mutum biyu, ɗaya ba lafiya."

"Dala talatin talatin bisa kaya. Gaba hamsin."

Na ce maras lafiya ta shiga gaba, ni in hau bisa. Ya leƙa fuskar Kulu, ya ce, "Ido ne? Wurin Babarbaren nan za ku? Uwata ma can na kai ta, sau biyu. Ta shiga gaba a talatin ɗin." Wannan ne karo na farko da na ji cewa majon Babarbare ne, kuma na ji wani ya ambace shi ban tambaya ba.

Kilomita arba'in da ɗoriya, awa biyu da minti goma, da tsayawa ɗaya don a zuba wa injin ruwa. A bakin gari akwai shinge, jandarma biyu. A shekarun nan ana tsananta bincike. Ɗaya ya hau yana karɓar katin shaida da takardar lampo, wato haraji. Na miƙa masa littafina na soja, ya buɗe, ya dube ni, ya ƙame ya sara mini. Na rama daga bisa siminti, fari fat da ni kamar an tono ni. Ƙarfe huɗu da rabi muka sauka a tasha, ga dutsen nan tsaye bayan gari.

Ban san kowa a Dutsi ba, amma Kulu ta sani. Ita da ba ta gani sosai, ita ta ja ni lungu-lungu har wani gida bayan gidan likita, na wata gwauruwa Kirista mai suna Ladi, mai sayar da waina, inda ta yi jiyya bara. Ladi na ganin ta ta saki ludayi.

"Kulu ta Dumega! Tun watan jiya nika duban hanya. Ɗakinki na nan, tabarmar ma ita ta."

Ni aka ba ni zaure. Ladi ta nuna mini gabas, ta ajiye mini buta, ta ce kar in ji nauyin komai.

Alhamis: gaban majo

Ƙarfe bakwai muna layi. Ƙarfe tara da minti biyar aka kira mu. Majon dogo ne, baƙi, siriri, furfura ta fara masa, rigarsa fara an yi mata faci a aljihu. Kafin Kulu ta buɗe baki ya ce, "Kulu, matar soja, daga Dumega. Yaya na daman?" Ya tambayi wanta da sunansa. Sa'an nan ya juyo ya dubi tsagar da ke kumatuna, daga baki har kunne, ya yi murmushi.

"Wannan ne sojan? Ashe bawana ne. Ba'are, ka zo gaishe da ubangijinka hannu sake?"

Tsakanin mu Arawa da Barebari akwai wasa tun kakanni, don haka ban bar masa ba. Na ce mu ba mu kai wa bawa gaisuwa, shi ke kawo mana. Ya yi dariya har da buga tebur.

Dariyar ta tsaya da ya zaunar da Kulu bakin taga. Ya ce mata zai taɓa fuskarta, sannan ya taɓa. Ya duba na dama ya ce madalla. Ya ɗaga fatar na hagu, ya sa gilashi, ya daɗe.

"Wa ya cire?"

Kulu ta buɗe baki. Na ga tana shirin ɗaukar laifin, sai na ce ni na sa. Na fara bayanin yadda ake yi a soja. Ya bar ni na kai aya, sannan ya ce, "Kaporal, in za ka gyara darnin da ya karkata, sai ka tuge karan duka kafin ka ga inda ya karkata? Ni da gashin nake aiki. Shi ke nuna mini inda fatar ta juya da yawa, da inda zan zurfafa, da inda zan sassauta ɗinki. Wani yana iya yi haka nan, ni ban iya ba, kuma ba zan koya a idon matarka ba. Kwana goma. In sun huda na ga inda suka dosa, sai mu yi."

Ya ba da man shafawa a ido, safe da yamma. Da muka fito na jira Kulu ta ce wani abu. Sai ta ja mayafinta ta yi gaba har gidan Ladi, wannan kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Kwanakin jira

Kwana goma a garin da ba ka da gona, ba ka da aiki, abu ne mai tsawo. Na zagaya Dutsi har na san karnukanta. Na hau dutsen sau biyu, minti arba'in hawa, ashirin da biyar sauka. Ranar kasuwa na ga albasa da gishiri da shanu har daga Najeriya, na sayo wa Ladi kwanon gyaɗa, don ta ƙi karɓar ko tamma na ɗaki. Abincinmu waina da safe, fura da rana, da yamma tuwo, wani lokaci kopto, ganyen zogale da ƙuli-ƙuli, wanda Ladi ta iya fiye da kowa.

Sauran lokacin ina zaune a inuwar itacen bedi na gidan likita tare da masu jiyya. A can na lura da abu ɗaya: rabin mutanen wurin ba zuwansu na farko ba ne. Wani Bafillace daga wajen Kangiwa, ƙetaren iyaka, zuwansa na uku ke nan, na farko don kansa, na biyu don matarsa, yanzu ya kawo gwaggonsa. Na ce masa ai akwai asibiti a ƙasarsu, kusa da shi. Ya ce akwai, kuma ba a ce ba su iya ba. Yana wasa da sandarsa, ya ce, "Ni dai saniyata in ta sha rijiya ta ji daɗi, ko na kora ta wata, can take komawa."

Rana ta shida, Laraba, ƙarfe uku da rabi na yamma, gabas ta yi baƙi. Kafin la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Da safe garin ya watse, kowa da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a ka. Ladi ma ta rufe tandarta ta tafi gona. Na je tasha na tarar da wani da ya fito kudu, ya ce ruwan ya game har Dumega, an tona laima ta kai kamu guda.

Ba zan ɓoye ba, hankalina ya koma gona. Manomi ya san abin da ruwan farko yake nufi, hatsin da ya riga ya riga. Ga irina a liƙe cikin rumbu, ba mai taɓa shi. Na koma gida na tarar Kulu ta riga ta ɗaure kayanmu.

"Mu tahi, Malam. Wa za ya bi ka da iri? Ido ya jira bayan kaka."

Gashin ya fara tsirowa, gajeru masu kaifi, ta koma rufe fuska. Na ce ta dakata. Na je na samu majo tsakanin maras lafiya biyu, na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah, idon zai kai bayan kaka? Wannan karon bai kira ni bawa ba.

"Ba zan yi maka ƙarya ba, Kaporal. Yana iya kaiwa. Amma farin ya taɓa bakin baƙin, ga aikin damina, ga rana, ga hayaƙin ɗanyen ice. In ya hau, ni fata nake gyarawa, ba ni da maganin abin da ya rufe. Kai ma in ka ce za ka tafi ka bar ta, ka sani ba na yanka mutum sai nasa na riƙe da hannunsa."

Na fito na tsaya a bakin hanya, ina kallon mutane suna wucewa gona. Na auna yunwa, na auna makanta. Yunwa na san ta, mun yi ta mun fita. Na koma na kwance ƙullin kayan da hannuna, na mayar da tabarma inda take. Kulu ta ce, "Gonar fa?" Na ce gonar ba ta zuwa ko'ina, kuma ni na jawo, ta bar ni in biya.

Lahadi ta wuce, Litinin: ranar aiki

Majo ba ya aiki Lahadi, don haka kwana goman suka zama sha ɗaya. Litinin ƙarfe takwas da kwata muka shiga. Da safe kawai yake wannan aiki, don hasken tagar gabas yake bi. Ɗaki ne ƙarami, tebur ɗaya, tukunyar da aka tafasa ƙarafa tana tururi. Ya duba gashin da gilashi, ya ce, "Yauwa, ga su sun faɗi gaskiya." Kulu ta kwanta. Ya rufe mata fuska da ƙyalle mai huda ɗaya, ya nuna mini inda zan tsaya, ya sa hannunta cikin nawa.

Daga nan bakinsa bai rufe ba, kuma ba da ni yake ba, da ita yake.

"Kulu, yanzu zan wanke, za ki ji sanyi. To. Yanzu allura, za ki ji kamar harbin zuma, ki ƙirga goma ya wuce. Kin kai nawa? Madalla. Yanzu ina taɓawa, kin ji? Ba ki ji ba, haka ake so. Ƙarar nan da kika ji almakashi ne na ajiye, ba komai ba ne. Yanzu za ki ji ana ja, ba zafi, ja kawai."

Hannunta a cikin nawa sake yake. Ni ne na yi wautar leƙawa. Na ga fatar idon a juye, na ga jini ɗan kaɗan, na ga zare yana shiga. Na ga abin da na gani a ƙasashen da aka kai mu yaƙi, ban taɓa faɗuwa ba. Amma waɗancan ba Kulu ba ne. Kunnuwana suka yi ɗif, tagar ta yi nisa, sai na sulale.

Da na dawo hayyacina ina zaune a ƙasa, bayana jingine da ƙafar tebur, hannuna yana sama, ita ke riƙe da shi gam. Na ji majo da muryar nan tasa, ko canzawa ba ta yi ba: "Kulu, abin da kika ji, mijinki ne ya zauna ƙasa. Lafiyarsa lau, Arawa haka suke. Kar ki motsa, saura ɗinki biyu."

Ƙarfe tara saura minti biyar aka gama. Wannan lokacin majo ne ya gaya mini, ni ban duba ba.

Da yamma tana kwance a ɗakin Ladi, ido a naɗe da auduga, na zauna bakin ƙofa. Na jira ta yi mini dariya, ba ta yi ba. Ta ce, "Ka gani, Malam? Wanda anka rufe ma huska, ba wuƙa yaka tsoro ba. Shirun da aka yi mai, ana magana bisa kanshi awa ba ya nan, shi na abin tsoro. Wanga mutum bai taɓa ni ba sai da ya hwaɗa mini. Bara haka, bana haka. Mi za ni nema wani wuri?" Na ce ba komai. Na ji kunya, na kuma ji daɗi, duka biyun a lokaci ɗaya.

Kwana bakwai na ɗinki

Kowace safiya ƙarfe bakwai da rabi muna can a canza auduga. Rana ta biyu aka buɗe idon, ya kumbura, amma gashin duk sun dubi waje. Rana ta huɗu Kulu ta taya Ladi tsince shinkafar waina. Rana ta bakwai majo ya cire zaren, yana faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Ya sa ta ƙifta sau goma, ya tambaye ta abin da ta ji. Ta ce ba ta ji komai ba. Ta sake ƙiftawa, ta sake, kamar mai ɗanɗana miya. Ya ce farin da ya riga ya sauka ba zai tafi ba, amma ya tsaya inda yake.

Na kawo masa goro ashirin da zakara. Ya karɓi goro ɗaya ya fasa, ya ce zakaran a kai wa Ladi. Ya ce, "Bawana, in kun je ku gaya wa matan garinku su zo da gashinsu. Kai kuma in ka sake rako wani, ka zo da kujera." Na ce in Allah ya yarda sai na ga ranar da Babarbare zai zo Dumega neman magani. Muka yi musafaha, ya riƙe hannuna ya daɗe.

Komawa

Talata ƙarfe shida da minti goma muka bar Dutsi. Ladi ta rako mu tasha da ƙunshin waina, ita da Kulu suka yi ta sallama har direba ya yi ta matsa oda. Wani kamyo ne na buhunan wofi, dala ashirin da biyar kowa. A shinge jandarman nan ya gane ni, ya tambayi jikin madam. Ruwa ya ɓata hanya wuri biyu, sai ƙarfe tara da rabi muka kai Kore Mai Ruwa. Ba ayari ranar, muka taka a hankali, muka yi azahar a hanya, muka shiga Tibiri gab da magariba.

Dije ta fito da shirin tsiya, ta ga idon, ta kama baki. Da ta ji abin da hantsakinta ya jawo sai ta ce, "Ni dai hannu na ba da, mai oda ga shi nan." Ta tambayi Kulu yadda jarumin ya yi a ɗakin aiki. Na sunkuyar da kai ina jira. Kulu ta ce, "Hannunshi na cikin nawa har anka gama." Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma ƙara ko kalma ɗaya ba.

Laraba muka ɗauki jakinmu, ya yi ƙiba da ciyawar Tibiri. Tun daga rabin hanya nake ganin gonakin mutane, hatsi ya fito kore shar, wani ya kai taƙi, har an fara noman farko. Ƙarfe goma sha biyu saura kwata muka shiga Dumega, kwana ashirin da uku da fitarmu. Mun bi ta gefen gonata. Ita kaɗai ce ja a tsakiyar kore, sai ciyawa.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Dije da mijinta, da madugun gishiri, da direban da ya rage mana ba mu roƙa ba, da Ladi da ta ba mu ɗaki da gabas. Majo kuwa, bawa ba a yi masa godiya a bainar jama'a, amma Allah ya san abin da ke raina.

Kwana biyu da isowarmu aka sake ruwa mai kyau. Na fasa lakar rumbu, tun da sassafe muka fita, ni gaba da sungumi ina sara, Kulu baya da ƙwaryar iri tana zubawa tana rufewa da diddige. Masu wucewa suna ce mana sannu da shukar makara, ina amsawa. Na san hatsin bana ba zai kai na kowa ba, kuma bai kai ba, sai da muka haɗa da wake muka ga bayan shekarar. Da rana ta take tsaka na waiwaya, na ga mayafinta a ɗaure a ƙugu, fuskarta a buɗe, gumi na zuba. Na ajiye sungumi na ce ta zo mu shiga inuwa, saboda idon.

Ba ta ko tsaya ba. Ta jefa iri a ramin da ke gabanta, ta take, ta ce, "Shekara tara ina zamne inuwa, Malam. Sara mu tahi, ina bayanka."